Tambaya: Ta ina ake farawa idan ana son ɗaukar yaro riƙo a Kano?

Uwargida daga Gwale:
Assalamu alaikum. Shekararmu 11 da aure ni da maigidana, Allah bai ba mu haihuwa ba, mun je asibiti mun yi na gargajiya, kuma mun rungumi ƙaddara. Yanzu mun yanke shawarar ɗaukar maraya ko jaririn da aka tsinta mu raine shi. Surukata ta ce haramun ne, wata maƙwabciyata kuma ta ce ta san matar da za ta samo mana jariri cikin mako guda idan muka ba da kuɗi. Ina neman waɗanda suka san hukuncin abin da hanyarsa su haska mana.

Malami daga Kurna:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ku ladan niyya. Maganar surukarki tana da tushe, sai dai an gauraya abu biyu. Abin da shari'a ta haramta shi ne tabanni, wato a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, ya ɗauki sunansa, ya ci gadonsa. Aya ta 4 da ta 5 a Suratul Ahzab su ne suka soke wannan, kuma saboda su aka daina cewa Zaidu ɗan Muhammadu, aka koma kiransa Zaidu ɗan Harisa. Amma kafala, wadda mu muke kira riƙo, aikin lada ce babba, domin ya tabbata a Buhari cewa Annabi (SAW) ya nuna yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai kula da maraya za su kasance a Aljanna.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne muharramaka. Yaron riƙo idan ya balaga ajnabi ne a gare ki, yarinya kuma ajnabiya ce ga maigidanki, sai dai idan shayarwa ta shiga tsakani. Idan namiji ne, kuma bai wuce shekara 2 ba, ba a yaye shi ba, ƙanwarki mai goyo tana iya shayar da shi, ki zama innarsa ta shayarwa. Idan mace ce, 'yar uwar maigidan ko matar ɗan uwansa ce za ta shayar, shi ya zama muharraminta. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa ciki ya wadatar, wasu malaman kuma sun sharɗanta sau 5, don haka cika biyar ɗin ya fi fitar da ku daga saɓani. Batun gado kuwa, ba ya gadonku, amma kuna da damar yi masa wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba, ko ku yi masa kyauta tun kuna raye a damƙa masa a gaban shaidu.

Tsohuwar ma'aikaciyar walwalar jama'a:
'Yar uwa, ina roƙonki ki nisanci hanyar maƙwabciyar nan. Duk jaririn da aka sa wa farashi, to ko dai sato shi aka yi, ko kuma an matsa wa wata yarinya da ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi ta rabu da shi. Wannan safarar mutane ce, laifin da hukumar NAPTIP take gurfanar da mutane a kansa, kuma mai saye ba ya tsira da cewa niyyarsa mai kyau ce.

Hanyar da doka ta sani tana farawa daga Ma'aikatar Mata ta jihar Kano, wadda gidan yara na Nassarawa yake ƙarƙashinta. Za ku rubuta takardar nema ku biyu, jami'ai su zo su ga gidan, su bincika sana'ar maigida da lafiyarku da shaidar da mutanen unguwa suke yi muku, sannan a kai maganar gaban kotu ta tabbatar da riƙon a rubuce. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Kano kuma ta sa hannu a kan tata a 2023. Ku shirya wa jira, domin masu neman jarirai sun fi yawa, alhali yara 'yan shekara 5 zuwa sama ba su cika samun masu tambayarsu ba.

Mai riƙo daga Hotoro:
Hajiya, ni na bi wannan hanya, yarinyar da muka karɓo tana da wata 7 yanzu tana aji uku na firamare. Kuskuren da na yi shi ne ɓoye mata asalinta, har wata rana ta dawo daga islamiyya da allonta a hannu, hijabinta jiƙe da hawaye, ta ce wata yarinya ta kira ta tsintacciya. Na zaunar da ita a kan cinyata a tsakar gida, na rasa ta inda zan fara, kuma abin da ya fi yi mata ciwo shi ne a bakin wasu ta fara ji. Da tun tana shekara 4 na riƙa gaya mata a hankali, daidai da fahimtarta, da abin ya zo da sauƙi.

Ki kuma tabbatar dangin maigida sun amince tun kafin yaron ya shigo, domin su ne za su zauna da shi idan ƙasa ta rufe idonku. Mu mun sayi fili a Mariri da sunanta, takardun suna hannun wanda muka amince da shi, da sa hannun shaidu biyu.

Uwargida daga Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidan bayanin Malam, ya ce shi da kansa zai kai wa Hajiyarsa ayoyin gobe bayan la'asar. Ƙanwata tana goyon ɗan wata 3, shi ya sa muke tunanin neman namiji, kuma ranar Litinin za mu je ma'aikatar mu tambayi takardun da ake buƙata.