Me ya sa jiragen sama ke rage abinci?

Bagobiri: Salamu alaikum 'yan'uwa. Me ya sa kamfanonin jiragen sama ke janye abinci? Wane tanadi ya kamata matafiyi ya yi?

Dan_Sokoto: Wa'alaikumus salam. Kuɗi ne na farko. A 2017 British Airways ya daina ba da abinci kyauta a kujerun talakawa a gajerun tafiye-tafiye, sai da kuɗi. Fasinjoji suka yi ta ƙorafi, har a 2021 aka dawo da ruwan gora da ɗan abin taɓawa.

Hajiya_Z: Akwai kuma girgizar iska. A Agustan 2024 Korean Air ya daina raba taliyar da ake jiƙawa da ruwan zafi a cikin kofi a kujerun talakawa, domin tafasasshen ruwa kan fantsamo ya ƙona mutane idan jirgi ya tangaɗa.

Malam_Tukur: Ɗan'uwa, tafi da dabino, gyaɗa da biskit. Ruwan da ya wuce mililita 100 yawanci ba ya tsallake binciken tsaro na filin jirgi, don haka riƙe gora fanko, ka cika bayan an duba ka. Abincin halal, a nema akalla awa 48 kafin tashi. Kilishi kuwa, cinye shi kafin sauka: Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigo da nama daga Najeriya.