Nonon shanuna na ƙafewa da rani: in kawo bijimin Turai?

Mai Garke, Tawa:
Salamu alaikum. Ina da shanun Azawak 6 a bayan gari, kuma ina son nonon da babu abincin kamfani ko magani a cikinsa. Daga Maris sai ƙwarya ta koma rabi. An ce in yi barbara da bijimin Turai. Me kuka gani?

Dattijon Abalak:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ba jini ne ya gaza ba, abinci ne. Ruwa-biyun Turai ta fi cin abinci, ba ta jure zafin Afrilu, kaska kuma na saurin kayar da ita. In bijimi kake so, nemi Azawak irin na gidajen kiwon gwamnati na Ibesetan ko Tukunus, ka tambayi nonon uwarsa kafin ka dubi ƙahonsa. Kada ya hau ƴaƴansa.

Harawar wake a tuge ta tun ganyen bai zube ba, ta bushe a inuwa, a ɗora bisa rumfa. Saniya mai tatsa ta samu kilo 3 zuwa 4 a rana bayan kiwo, da dusa kimanin kilo 1 ga kowace lita 2, da ƴaƴan gawo, da kanwa. Dusar da ta yi funfuna a zubar, dafinta na bi ta nono. Ruwa kuwa, da bazara lita 50 ba ta yi mata yawa ba.

Hajiya Mai Kindirmo:
Baba ya faɗi gaskiya, amma Malam, raba haihuwarsu. Ciki wata 9 ne, saniya na neman bijimi duk kwana 21. Wadda aka hau a Oktoba za ta haihu a Yuli, cikin ɗanyar ciyawa. Bar biyu ko uku su haihu bayan kaka, lokacin da harawa ke cike da rumfa. A daina tatsa wata 2 kafin haihuwa, maraƙi kuma ya sha dakashi cikin awa 6 na farko.

Malamin Dabbobi:
Gyara ɗaya: barin magani bai haɗa da rigakafi ba. Allurar ciwon huhu ta shekara wajibi ce. In hantsa ta kumbura, ta yi zafi, nonon ya fito da gudaji, ware saniyar, tatse ta a ƙarshe, a yi mata magani, a zubar da nononta har kwanakin da aka rubuta a kwalbar su cika. Wadda ta yi ɓari a gwada jininta don bakkale, cutar da ke sa ɓari, kuma a tafasa nono kafin a zuba masa tsami.