Neman shawara: ina so in koma Fas da zama bayan ritaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Saura wata 14 in cika shekara 35 a aikin gwamnati. Sau biyu ina zuwa ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas ta Maroko, kuma tun zuwan farko garin ya kwanta mini a rai. Cikin tsohon garin ba ka jin hon ɗin mota, sai jakai da alfadarai, ga masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa tun 859. Niyyata in sayar da filina in sayi ɗan gida a can, ni da uwargida, tunda yara sun kama gabansu. Don Allah wanda ya san kan abin ya ba ni shawara.

Wani ɗan kasuwa: Alhaji, a wane wata ka je? Ni Janairu ya same ni a can. Sanyinsu ba hunturun Kano ba ne, da ruwan sama yake zuwa, ga tsofaffin gidajen tsakar gidansu a buɗe, bango sai danshi. Bargo uku na lulluɓa, da asuba yatsuna suka kasa riƙe buta. Sannan rashin motar nan da ya burge ka, ka tuna motar asibiti ma ba ta shiga lungunan. Da idona na ga an turo wani dattijo a amalanke har ƙofar gari kafin a samu tasi. Hawa da gangara ne ko'ina, ka tambayi gwiwarka tukuna. Ka kama haya ka yi sanyi ɗaya a can kafin maganar saye.

Wata ma'aikaciyar banki: Baba, fanshonka da naira za a biya ka, cefane kuwa da dirhami. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Wanda yake waje a lokacin, yana zaune kuɗinsa suka narke. Kada ka taɓa filin nan. Kuma zaman da ya wuce kwana 90 sai da katin zama, za su so ganin hanyar samunka. In ma ta kai ga saye, ka tabbata gidan yana da rajistar gwamnati, don da yawa a tsohon garin takardar gargajiya ce kawai, ga magada rututu.

Wani ɗalibi: Yallaɓai, in shiru kake nema duba garin Maknas. Ba ta kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba daga Fas, kuma ba ta cika 'yan yawon buɗe ido ba.

Wata Hajiya: To ita uwargidan an ji ta bakinta? Kai kana da zawiya da wazifa. Ita fa? Larabcin kasuwarsu ko mai Larabcin Islamiyya sai ya daure, sauran kuma Faransanci. Ba biki, ba suna, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Gaskiya duka biyun a Mayu na je. Na karanta wa uwargida amsoshinku, ta ce wata uku za ta iya, amma azumi da babbar salla a gaban jikokinta za ta yi. Wa ya san yadda ake samun haya ta wata uku daga Disamba?