Tambaya: Yaya ake zana Gulbin Maradi a shekarar da ba shi da ruwa?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina kuma yin zane da fentin ruwa a ranakun hutu. Tun bayan kaka nake sauka fadama da allona domin in zana gulbi ina kallonsa da idona, maimakon in zauna a ɗaki ina kwafa daga hoton waya. Bana damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke da wuri, har kududdufan da kan rage a lungunan gulbin sun ƙafe tun kafin sanyi ya shigo. Fenti yana bushewa a bakin buroshi kafin in kai shi kan takarda, hazo kuma yana shafe duk abin da ke nesa, sai zanen ya fito ba laka. Abin da ya fi damuna shi ne maganar wani manomi da geronsa bai yi ba, wanda ya tambaye ni ko gulbin da ya mutu nake yi wa hoto. Shin ya dace mutum ya nemi kyau a wurin da jama'a ke kukan fari? Kuma laifi ne in na ƙara ruwa a zanen daga abin da na sani na damina?

Dattijon Mokoyo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Wanda ya ce maka gulbi ya mutu zafin rashi ne ya sa shi faɗin haka, kada ka riƙe shi a zuci, amma maganarsa ba daidai ba ce. Gulbin Maradi bai taɓa zama kogin da ke gudu shekara zagaye ba. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiransa Gada, ya ratso ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Watannin damina kaɗai yake kawo ruwa, sauran shekara kuwa yashi ne, tun zamanin kakanninmu. Tun da aka gina madatsar Jibiya a wajen 1990 zuwan ruwan ya ƙara canzawa, kuma wannan gulbi yana cikin ruwayen da ƙasashen biyu suka yi yarjejeniya a kansu a Maiduguri a 1990.

Wanda ya ga yashin nan a kwance ba zai yarda cewa gulbin nan ne ya tashi gari ba. Tsohon Maradi a cikin fadama yake, ambaliyar 1945 ce ta rushe shi, dalilin da ya sa aka hau tudu aka kafa garin da muke ciki yanzu. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun san cewa fadamar ce ta riƙe mutane da yawa a lokacin da gonakin jigawa suka ƙi. Saboda haka ban yarda ka ƙara ruwan da babu ba. Dubi gaɓar da ruwa ya yanke a tsaye, dubi saiwoyin itatuwa da ya tone ya bari a waje, dubi tarkacen kara da ya rataya a rassa sama da tsayin mutum. Duk wannan aikin ruwa ne, kuma duk Bamaraɗen da ya ga zanen zai gane gulbinsa.

Mai Zanen Sabon Gari:

Baba ya gama maganar tarihi, ni zan tsaya ga aikin hannu. Malam, saurin bushewar fenti ba daga kayanka ba ne, iskar hunturu ce da ba ta da laima. Ka jiƙa takarda mai kauri gaba da baya kafin ka fara, ka manna ta a kan allo, ka zauna a inuwa ka ba iska baya, kuma ka rage girman zanen ta yadda za ka gama shi kafin rana ta ɗaga. Ƙaro shi ne abin da ke riƙe launi a fentin ruwa, irin wanda malaman allo ke sa wa tawada, kuma ɗigon zuma a cikin haɗin yana jinkirta bushewa, domin zuma tana jawo laima. Ni ina niƙa jar ƙasa da ta rawaya daga gaɓar gulbin kanta, in tace, in haɗa da ƙaro, kuma ban sami launin kanti da ya kama kalar gaɓar kamar wannan ba.

Hazo kuwa amfani zai yi maka. Abin da ke kusa ka ba shi launi mai ƙarfi da gefe mai kaifi, abin da ke nesa ka tsarma shi da ruwa har ya kusa ɓacewa, da haka ne zurfi ke fitowa a takarda. Yashi ma ba fari ba ne. Da sassafe inuwar da ke cikin sawun shanu da na amalanke tana da shuɗi-shuɗi, da la'asar kuma duk shimfiɗar tana komawa ruwan ɗorawa, tsakar rana ce kawai ke kashe komai, don haka kada ka yi aiki a lokacin. Su ma masu zanen Faransa da suka shahara da fita waje, sauƙin ya zo musu ne bayan wani Ba'amurke mai suna John Rand ya ƙirƙiro kwalbar fenti ta ƙarfe mai matsuwa a 1841, kuma Monet, ɗaya daga cikinsu, ya yi ta maimaita zanen wuri guda a bakin kogin Sen saboda kawai haske ya canza. Ka sa gawo a zanenka. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saboda haka a daidai wannan lokaci shi ne zai ba ka koren da kake nema.

Malama daga Jiratawa:

Da izinin Baba, ina da ɗan gyara. Gaskiya ne fadama tana riƙe mutane a lokacin fari, domin ruwa yana nan a ƙarƙashin yashi, da shi ake ban ruwan lambunan zogale da tumatir da albasa, kuma gandun noman rani na Jiratawa ma daga rijiyoyi yake sha, ba daga saman gulbi ba. To amma ruwan da ke gudu da damina shi ne ke cika na ƙasan, kuma a shekarar da ya yi ƙaranci rijiyoyi suna yin ƙasa, injin ban ruwa yana cin mai fiye da kima, mai ƙaramin ƙarfi kuma yakan bar rabin lambunsa. Idan Malam ya zana koren fadama kawai ya manta da wannan, zanen zai yi kyau amma zai ɓoye wahalar masu wurin. A ganina ya zana ramukan da mata ke tonawa a tsakiyar yashi suna jiran ruwa ya tsattsafo, da masu ɗibar yashi, da makiyayan da ke jan guga. Sai dai ya fara gaisawa da mai lambu ya nemi izini, musamman kafin ya zana mata, kuma ya nuna wa mutane abin da ya yi kafin ya tafi. Ya riƙa rubuta wuri da kwanan wata a bayan kowace takarda, domin a iya kwatanta bana da baɗi.

Ɗan Bagalam:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan bar yashin yadda yake, zan kuma gwada haɗin ƙaro da zuma. Idan akwai wanda ya san inda ruwan tafkin Madarunfa ya tsaya a wannan wata, ina roƙon ya sanar da ni, domin ina so in zana shi daga ɓangaren kaburburan waliyyai kafin bazara ta shigo.