Na ƙara wuta, roba ta ƙi haɗuwa: wa ya taɓa gani?

Ɗalibin kemistiri, Dahran ta Saudiyya: Assalamu alaikum. Jiya na yini a ɗakin gwaji ina jiran alfa-metilsitirin, wani sinadari, ya zama roba a digiri 70, ko alama. Na ɗauka sinadarin ne ya lalace. Malaminmu ya yi dariya, ya ce in maida shi cikin sanyi mai tsanani. Ni kuwa na san zafi ne ke gaggauta aiki.

Injiniya a Jubail: Wa alaikumus salam, ƙanena. Rufin zafi ka buga. Ƙananan ƙwayoyin sinadarin nan idan suka sarƙu suka zama roba suna fitar da zafi, amma sun rasa 'yancin yawo. Zafi na hawa, son yawon na rinjaya, har a kai inda sarƙar ke warwarewa daidai da yadda take ƙulluwa. Masana kimiyya Dainton da Ivin suka bayyana wannan a 1948. Naka rufinsa digiri sittin da 'yan kai ne, na metil metakirilet, wani sinadarin roba, kusan 220.

Amma mu a masana'anta ba ma kaiwa can, tun a hanya ake yi mana tarko. Etilin, iskar da muke yin robar polietilin da ita, na fitar da zafi mai yawa, wajen kilojul 93 a kowane mol (ma'aunin yawan sinadari). Wata rana injin sanyayawa ya yi mana gardama, garin polietilin ya fara narkewa yana manne wa juna, ya dunƙule kamar tuwon da ya kwana. Sai da aka tsayar da komai, aka shiga da ƙarfe ana fasawa. Har yau in na ga allurar zafi ta motsa gabana faɗuwa yake.

Mai kula da tankuna, Yanbu: Yallaɓai, namu tashin hankalin lokacin zafi ne. Sitirin, sinadarin robar da ke cikin tankunanmu, shi kaɗai yake fara haɗuwa in ya ɗumama, ɗumin kuma ya ƙara masa sauri. Muna zuba TBC, sinadarin da ke hana shi haɗuwa, mu riƙa aunawa, kuma ba ya aiki sai da iskar oksijin. Abin da ya faru a Visakhapatnam ta Indiya a Mayun 2020, inda sitirin ya yi zafi a tanki, tururinsa ya fita ya kashe mutane, ya ishe mu darasi.

Mai ɗinki, Jidda: Ni dai, 'ya'yana, ban yi wannan karatun ba. Amma gam ɗin supa gulu ya taɓa zuba mini a ƙyallen auduga, ya yi zafi har da hayaƙi, ya ƙone mini yatsa. Shi ma hakan ne?

Injiniya a Jubail: Shi ne, Hajiya. Audugar ce ta sa ya haɗu gaba ɗaya. Ki daina goge shi da ita.