Waɗanda suka taɓa zuwa Gamescom: layin nan na ɗanɗana sabon gem, ya kuka ji da shi?

Ɗalibi a Aachen: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata biyu a Jamus ban taɓa leƙa Gamescom ba, wato babban baje kolin gem na bidiyo da ake yi duk shekara a birnin Kolon, alhali tsakanina da Kolon tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Ina da niyyar zuwa a Agusta mai zuwa, sai dai abin da ke karya mini gwiwa shi ne labarin layi. An ce mutum sai ya shafe awa biyu ko uku a tsaye don ya buga gem ɗin da bai fito ba na 'yan mintoci. Don Allah wanda ya taɓa tsayawa ya faɗa mana gaskiya, kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Baban Hanifa, Bonn: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na je a 2025, ranar Alhamis 21 ga Agusta, kuma saboda abu ɗaya na je: Hollow Knight: Silksong. Tun Fabrairun 2019 kamfanin Team Cherry na Ostareliya ya sanar da gem ɗin nan, lokacin ina Zariya ko aure ban yi ba. Na zo Jamus, na yi aure, aka haifi Hanifa, gem shiru.

Da na sauka a tashar Messe/Deutz ban tsaya kallon komai ba, na miƙe rumfar Xbox, amma na tarar layi ya riga ya naɗe kamar maciji. A gabana wani saurayi ne daga Poland da 'yar kujerarsa mai naɗewa, a bayana wasu 'yan mata biyu, ɗaya ta ɗinka jar rigar Hornet, jarumar gem ɗin, da hannunta, har ana ganin zaren a gefen wuya. Lokacin Azahar ya yi ina tsakiyar layi. Na ce wa saurayin zan je in yi sallah, ya ɗora jakarsa a gurbina ya ce in tafi. Na sami wani lungu kusa da matakala na shimfiɗa rigar sanyina, na dawo na tarar da wurina.

Abin da ba zan manta ba ya faru ne da yamma, bayan na buga nawa ina zaune a ƙasa ina hutawa. Sai na ga kowa ya duƙa kan wayarsa, can sai ihu ya tashi daga wani ɓangare. An saki sanarwa cewa gem ɗin zai fito ranar 4 ga Satumba, saura sati biyu kacal. Wani da ban sani ba ya kama kafaɗata yana girgiza ni. Wallahi idona ya ciko. Shekara shida da rabi ina jiran abu ni kaɗai a ɗaki, ban san muna da yawa haka ba. Ɗanɗanon da na buga a Moss Grotto, wani yanki na cikin gem ɗin, ya yi daɗi, amma in ka tambaye ni abin da na ɗauko daga Kolon, wannan ihun ne.

Maman Sadik: Ni da ɗana mai shekara goma sha uku muka je. Abin da iyaye ya kamata su sani: ana duba shekaru ta katin shaida a ɗaura wa mutum zare a hannu, kore na sha biyu, shuɗi na sha shida, ja na sha takwas. Yarona ya ƙwallafa rai kan Resident Evil Requiem, suka ce ba da koren zare ba. Ya yi fushi, ni kuwa hankalina ya kwanta. Ku tafi da ruwa da abincinku.

Injiniya Ɗan Maraɗi: Malam Baban Hanifa, na ji daɗin labarinka, amma bari in kawo ɗaya gefen don kada ƙanenmu ya tafi da ido rufe. Ni na fara zuwa tun 2018. A shekarar na yi layi mai tsawo, da aka shigar da mu ɗaki ma ba a ba mu mun buga ba, ma'aikacin kamfanin ne ya buga muna kallo a babban allo. Abin ya tafi da imanina. Ina komawa gida na biya kuɗin gem ɗin tun bai fito ba. Da ya fito, abin da na gani a na'urata da abin da aka nuna mana kamar dare da rana: hoto na sarƙewa, mutane na nutsewa cikin bango. Ban faɗi sunansa ba, ba shi ne muhimmi ba.

Dalilin a fili yake. Abin da ake kawowa baje koli yanki ne da aka zaɓa aka goge shi na musamman, kuma sau da yawa a kan kwamfuta mai ƙarfin da ba kowa ke da irinta ba. Mai talla ba ya ɗora ruɓaɓɓen tumatir a saman kwando. Tun daga nan na daina biyan kuɗi kafin fitowa, ko da na buga da hannuna ya burge ni.

Baban Hanifa, Bonn: Gaskiyarka Injiniya. Sai dai Silksong bai ba mu kunya ba, kuma dala ashirin ba ko sisi... kai, ƙasa da ashirin ɗin ma da ɗan kaɗan aka sa masa.

Injiniya Ɗan Maraɗi: Haka ne, shi ya cika alkawari. Shi ya sa yanzu rabin ranata a Indie Arena Booth nake ƙarar da ita, wajen ƙananan masu haɗa gem. Babu dogon layi, kuma wanda ya rubuta gem ɗin yana tsaye a gefenka. Na taɓa makalewa a wani mataki, sai na ga yarinyar da ta haɗa shi ta zaro littafi tana rubuta inda na faɗi. Ta tambaye ni me ya ruɗe ni, na faɗa mata, ta yi godiya kamar na ba ta kyauta.

Mai Gidan Gem, Kano: Mu da ba mu taɓa taka Turai ba a bar mu mu sa baki. Daren buɗewa, Opening Night Live da Geoff Keighley ke gabatarwa, a shagona muke kallo. Takwas na dare a Jamus bakwai ne a nan, sai mu idar da Magariba mu tayar da janareto. Da aka nuna tirelar Black Myth: Zhong Kui a ƙarshe, yaran da suka gama Wukong, gem ɗin da ya gabace shi, a PS5 ɗina har tsalle suka yi. Tun da aka rufe E3, baje kolin gem na Amurka, a Disambar 2023, wannan daren ne babbar sallarmu ta gem. Tambayar da suke mini kullum ita ce ko an nuna GTA VI, in ce musu kamfanin Rockstar mai haɗa shi bai kawo shi can ba.

Ɗalibi a Aachen: Na gode yayyena, Allah Ya saka. Wace rana kuka ga ta fi sauƙi?

Maman Sadik: Alhamis ko Juma'a, ɗana. Laraba ta 'yan kasuwa da 'yan jarida ce galibi, Asabar kuwa tikiti kan ƙare da wuri kuma ba masaka tsinke, mutum 357,000 fa aka ƙirga a 2025. Ka zaɓi gem ɗaya da ranka ya fi so, ana buɗe ƙofa ka nufe shi kai tsaye. Ka sa takalmi mai taushi, kuma kada ka manta katin shaidarka.