Na gama mastas amma aiki ya ƙi samuwa a Legas, in cire ta daga CV ne?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga aikin ofis a garin nan. Digirina na farko a BUK na yi, fannin tattalin arziki, bautar ƙasa ce ta kawo ni Legas, da na gama sai na ci gaba da zama wajen kawuna a Agege, daga nan na samu gurbi a UNILAG na yi mastas. Wata goma sha ɗaya kenan ina tura CV, ta LinkedIn, ta Jobberman, ta imel, wasu ofisoshin a Ikeja ma da ƙafata na kai, amma sau uku kacal aka kira ni intabiyu.

Ni dai na rasa tudun dafawa. Bankuna da manyan kamfanoni in za su ɗauki sabbin ma'aikata sai su sa ƙa'idar shekaru, wannan ya ce kar ka wuce 26 wancan ya ce 27, ni kuwa 31 gare ni, yajin aikin jami'o'i na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye mana. In kuma ka duba gurbin da ke sama da na sabbin ma'aikata sai ka ga ana son wanda ya yi shekara biyar yana aiki. Intabiyun ƙarshe a Victoria Island (VI) ne, ina idar da asuba na fita, jirgin ƙasa zuwa Oyingbo sannan motar haya ta danfo, na isa rigata ta jiƙe sharkaf. Matar da ta yi mini intabiyun ta ɗora biro kan layin da na rubuta mastas ta daɗe ba ta ɗaga ba, sannan ta ce dubu 150 suke biya, kuma ta san irinmu wata shida muke yi mu gudu. Na rantse mata zan zauna. Har yau shiru.

Wani abokina ya ce in goge mastas ɗin kawai. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, Hajiyarmu 'yan kunnenta na zinare ta sayar ta cika mini kuɗin makaranta, kuma duk Juma'a sai ta kira ta ce an dace? Me kuke gani?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni a sashen ɗaukar ma'aikata nake a wani kamfani a Ikeja, kuma gaskiya zan gaya maka, kar ka goge. In ka goge za a ga shekara biyu ko uku babu komai a ciki, to me za ka ce ka yi, ƙarya za ka shirya? Kuma ranar da ka tashi neman ƙarin girma da ita sai a ce me ya sa ka ɓoye. Saukar da ita ƙasa dai, sama kuma ka sa abin da ka iya yi da hannunka. Mu CV sama da ɗari kan shigo mana kan gurbi ɗaya, ba wanda ke da lokacin karanta sunayen kwasa-kwasan da ka ci, ido na neman inda aka ce na riƙe lissafin wuri kaza, na iya Excel sosai, na tattara bayanan mutum kaza a bincikena na tace su. Kuma ka daina tura CV iri ɗaya ko'ina, kowane gurbi ka gyara masa nasa. Matar nan ma ba ƙinka ta yi ba, tsoro take kar ta horar da kai ka tafi, a wasiƙar neman aikin ya kamata ka kashe wannan tsoron tun kafin a gan ka. Tambayata, duk zaman nan a gidan kawu ba ka taya shi komai?

Alhajin Mile 12:
Yaro Allah ya yi maka albarka. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma shekarata ashirin da huɗu a kasuwar nan. Ku 'yan boko idonku na kan bene a VI alhali abincinku na Apapa. Riɗi, zoɓo, citta, duk daga Arewa ake lodo su a fita da su waje ta tashar jirgin ruwa, masu kamfanonin nan kuwa kullum kukansu ba su da mutum mai amana da zai yi magana da dillali a Dawanau da Hausa, ya juyo ya rubuta wa bature rahoto da Turanci, ya kuma san lissafi. Ka rubuta a takardar taka cewa kana jin Hausa? Na san ba ka rubuta ba, kuna ganin kamar ba abin faɗa ba ne.

Sadiq Idi-Araba:
Ɗan uwa ka kula da saƙon tes da ake turowa a ce ka zo intabiyu gobe ba sunan kamfani. Na taɓa zuwa ɗaya, muka cika wani zaure mu kusan hamsin, ƙarshe aka ce kowa ya biya dubu goma kuɗin fom zai fara tallan magani. Duk wanda ya ce ka biya kafin aiki ka tashi ka fita. Sannan ka duba jami'o'i masu zaman kansu, da mastas ana ɗaukar ƙaramin malami, ni ta nan na fara.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Ilham tambayarki ta sa na yi shiru, kawuna harkar shanu yake a Abbatuwa ta Oko-Oba, kuma shekara uku kenan ni ke riƙe masa littafi, kuɗin tirela daga Arewa, abin da mahauta suka ɗauka bashi, wanda ya biya da wanda ya saura, ni na mayar da shi kan Excel ma da littafin ya jiƙe da damina. Ban taɓa sa shi a CV ba don na ɗauka taya kawu ne kawai. Baba Alhaji gaskiyarka, Hausar ma ban rubuta ba. Yau da daddare zan zauna in sake ta. Anti in na gama zan iya turo miki ki duba mini kafin Litinin?